Gargaɗi ga Iyayen Yara na Kambaza da Gwandu da Kalgo bisa Zancen Dodannin Japan

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 

Amma bayan haka, ya ku iyayen yara, maza da mata, na Kambaza da Gwandu da Kalgo da ƙauyukan da ke kewaye da su, ku sani wani baƙo ya sauka gidajenmu, bai biyo ta zaure ba, bai yi sallama ba, cikin wayar hannu ya shigo. Shi ne majigin zane na ƙasar Japan, wanda yaranmu ke ce wa katun, masu shi kuwa suna ce masa anime. Ana tura shi a shagon cajin waya da kuɗi kaɗan, wanga yaro shi ba wancan, har ka iske samari biyar ko shida sun haɗa kai bisa waya guda bayan isha'i. Mai yawa daga cikinsa labari guda ne: samari da 'yan mata waɗanda ba su kai shekara ashirin ba suna yaƙi da dodanni masu cin mutane.

Iyaye sun rabu biyu a kansa. Waɗansu sun ce a karɓe wayar a yi bulala. Waɗansu sun ce ai zane ne, wasan yara ne, a ƙyale su. Ni ban ga daidai ga ko ɗaya ba, domin su duka sun yanke hukunci ba su duba abin ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Abin da nike so in faɗa muku cikin wagga takarda shi ne, yaro ba shi zama babu tatsuniya. In ba a ba shi ta gidansu ba, za shi aro ta maƙwabta, ko da maƙwabtan suna bayan teku. Mutanen Japan tatsuniyar kakanninsu sunka riƙe har ta iso mu, mu kuwa munka saki tamu. Nan ciwon shike, nan kuma maganin shike.

Fasali na fari, bisa abin da ke cikin majigin

Wanda ya fi shahara cikinsu ana kiransa Kimetsu no Yaiba, watau takobin hallaka dodanni, yara sun fi saninsa da sunan Demon Slayer. Asalinsa littafin zane ne, irin wanda mutanen Japan ke ce wa manga, aikin Koyoharu Gotouge. An riƙa buga shi kaɗan kaɗan kowane mako cikin mujallar Shonen Jump tun daga Fabrairu 2016 har Mayu 2020, kana anka tara shi ya yi littafi 23. Cikin shekara ta 2019 kamfanin ufotable ya mai da shi majigi.

Ga labarin a taƙaice. Wani yaro ne, Tanjiro, ɗan shekara 13, ubansa ya rasu, shi ne babba cikin ɗiya shida. Sana'arsu gawayi, suna zaune bisa dutse. Ran nan ya sauka gari sayar da gawayi, dare ya yi masa ya kwana a hanya. Da ya komo da safe ya iske an kashe uwarsa da ƙannensa huɗu. Ƙanwarsa Nezuko kaɗai ta rage da rai, ita ma jinin dodo ya shiga rauninta ta zama dodanniya. Yaron bai kashe ta ba, bai kuwa yashe ta ba. Anka sa mata guntun gora a baki don kada ta ciji kowa, shi kuwa shina goyon ta cikin akwati, domin rana tana ƙona irinsu. Ya tafi wurin wani tsohon malamin takobi ya yi shekara biyu shina koyo, har ya tsaga dutse da takobi, kana anka kai shi jarrabawa ta kwana bakwai cikin dajin dodanni. Da ya tsira ya shiga rundunar masu farautarsu, shina neman maganin da za shi mai da ƙanwarsa mutum, shina kuma neman Muzan, uban dodannin duka. Dodannin nan kuwa kowanensu dā mutum ne. Ba su mutuwa sai da hasken rana, ko a sare musu kai da takobi na musamman.

An ajiye labarin cikin zamanin sarkinsu Taisho, 1912 zuwa 1926, watau zamanin kakannin kakanninmu, shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci Sakkwato cikin 1903, lokacin da jirgin ƙasa ke sabo a Kano. Su ma a lokacin jirgin ƙasa da wutar lantarki suna yaɗuwa cikin ƙasarsu, mutanen ƙauye suna mamaki. Don haka majigin da sunka fitar ran 16 ga Oktoba 2020 cikin jirgin ƙasa anka yi yaƙinsa. Majigin nan ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan kaɗai, kuma babu wani majigi a duniya da ya kai shi samun kuɗi cikin shekarar nan ta annobar korona. A watan Yuli 2025 sunka sake fitar da wani. Akwai kuma ɗan'uwansa, Jujutsu Kaisen, aikin Gege Akutami, wanda anka fara bugawa cikin 2018 anka mai da shi majigi cikin 2020. A cikinsa dodanni daga tsoro da ƙiyayya da baƙin cikin mutane suke tsirowa, 'yan makaranta ke yaƙarsu. Na kawo waɗanga adadi don ku san baƙon nan babban baƙo ne, da dukiya mai yawa a bayansa, tsawar uba guda ba ta korarsa daga gari.

Fasali na biyu, bisa inda sunka samo dodanninsu

Dodon da ke cikin majigin nan suna ce masa oni, kuma ya daɗe cikin tatsuniyarsu. Kowane yaro a Japan ya san Momotaro, yaron da wata tsohuwa ta tsinta cikin ɗan itace a bakin rafi, ya girma ya tafi tsibirin dodanni tare da kare da biri da wani tsuntsu mai kama da fakara, ya ci su da yaƙi. Har yau a farkon watan Fabrairu suna da al'adar watsa soyayyen waken suya a ƙofar gida, wai suna korar oni.

Abin lura shi ne yadda sunka tsare waɗanga labaru. Wani ma'aikacin hukuma, Yanagita Kuniyo, ya zauna da wani saurayi mai suna Sasaki Kizen, mutumin wani garin duwatsu da ake kira Tono, ya rubuta abin da saurayin ya ji daga tsofaffin garinsu. Labari 119 ya samu, ya buga kwafi 350 kawai cikin 1910. Daga wanga ƙaramin littafi ilmin tara labarun gargajiya ya kafu a ƙasarsu. Bayansa anka yi Mizuki Shigeru, wanda tun shina yaro a garin Sakaiminato wata tsohuwa mai taimakon aikin gidansu ke ba shi labarun dodanni da fatalwa. Ya tafi yaƙin duniya na 2 ya rasa hannunsa na hagu, ya komo ya zauna da hannu guda shina zana abin da tsohuwar nan ta faɗa masa, har anka mai da zanensa majigi cikin 1968. Ku duba silsilar: daga bakin tsohuwa zuwa takarda, daga takarda zuwa zane, daga zane zuwa majigi, daga majigi zuwa wayar da ke hannun ɗanka a Kambaza.

Fasali na uku, bisa namu dodanni

To, mu ba mu da dodo ne? Wane Bahaushe ne ya girma bai ji tsoron Dodo a dandali ba? Muna da tatsuniyar budurwar da ta ƙi samarin garinsu, ta ce sai miji marar tabo, har Dodo ya rikiɗe ya zo ya aure ta ya tafi da ita daji, ƙaramin cikin gidansu ya bi sawu ya cece ta. Wanga ai shi ne zancen Tanjiro da ƙanwarsa, ɗan'uwa ba shi barin ɗan'uwa a hannun dodo. Muna da Auta, wanda ake rainawa shi ne ke fid da mutane. Muna da Gizo da Ƙoƙi, da 'yar mowa da 'yar bora. Muna da labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ke hana mutane ɗibar ruwa sai ran Jumma'a, baƙo ya zo da dare ya sare kansa da takobi, rijiyar kuwa tana nan har yau ana zuwa ganinta. Nan ƙasar Kabi, Sarkawa masunta suna da labarun ruwa da abin da ke cikinsa, mafarauta suna da nasu na dawa, maƙera suna da nasu na wuta.

Mu ma an tara namu, kuma kusan shekara guda da na Japan. Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato tun 1903, ya sa malamai sun rubuta tatsuniyoyi da labaru cikin ajami, ya ba Frank Edgar takardun, shi kuwa ya mai da su boko ya buga littafi uku a birnin Belfas tsakanin 1911 da 1913, sunansu Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa. Cikin 1913 kuma Rattray ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana yau. Cikin 1933 anka yi gasar rubutu a Zariya ƙarƙashin Rupert East, daga cikinta anka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, littattafan da aljannu da abubuwan mamaki sunka cika. Farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tara Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta.

Ashe tare munka tashi da mutanen Japan, su 1910, mu 1911, kuma abin da malaman Sakkwato sunka rubuta ya fi na garin Tono yawa nesa ba kusa ba. Su sunka ci gaba da tafiya, mu munka tsaya ga takarda, takardar ma tana cikin ɗakunan karatu na jami'o'i, 'yan kaɗan ke buɗa ta. Dandali ya mutu a yawancin unguwanni. Tsohuwar da ta san tatsuniya hamsin tana zaune bakin murhu, jikokinta suna gefe sun duƙufa bisa waya, babu mai tambayarta. Ran da ta rasu, hamsin ɗin nan sun bi ta kushewa.

Fasali na huɗu, bisa cutar da ke cikin majigin

Ba ni ɓoye muku, akwai cuta cikinsa, kuma guda biyar na gani.

Ta fari, jini. Ana sare kawuna, ana yanke hannuwa, ana cin mutane a fili. Su kansu masu shi, hukumar tace majigi ta Japan ta ce majigin jirgin ƙasan nan, yaron da bai kai shekara 12 ba sai da jagorar iyaye. A Amurka cewa anka yi wanda bai kai 17 ba kada shi shiga kallonsa sai tare da babba. Mu kuwa don mun ga zane ne sai mu miƙa wa ɗan shekara shida, kana mu yi mamakin abin da ke sa shi firgita cikin barci.

Ta biyu, lokaci. Zango na fari kaɗai kashi 26 ne, kowane kashi wajen minti 24, jimla sama da awa goma. An kuwa gina shi da gwaninta, kowane kashi shina ƙarewa inda rai ke son na gaba. Yaron da ya raba dare a kansa, da wane ido za shi duba allo da asuba, ko shi fita gona, ko shi zauna cikin aji?

Ta uku, harshe. Da Japananci ake magana, fassarar Turanci na gudu ƙasan hoto. Yaron da bai iya karanta ta ba takobi kaɗai shike gani. Nasihar malami da kukan uwa da nadamar dodo duk sun wuce shi, saran kai ya rage masa.

Ta huɗu, aƙida. Mutanen nan suna da addininsu da al'adunsu, kuma suna fitowa cikin labarin, har a ƙarshensa an nuna matattu sun sake dawowa duniya cikin wani jiki. Babba ya san wanga zancensu ne. Ƙaramin yaro sai an faɗa masa.

Ta biyar ita ce ta fi ba ni tsoro, ku saurara da kyau. Majigin shina koya wa yaro cewa akwai dodanni masu yawo cikin fatar mutane, kuma saurayi mai zuciya shina da ikon gane su shi sare su, ba alƙali, ba shaida, domin rundunar su Tanjiro ma hukumar ƙasarsu ba ta san da zamanta ba. Cikin zane wanga ba shi da wuya, dodo shina da fiƙa da farce, rana tana ƙona shi. Cikin duniya babu mutumin da rana ke tona wa asiri. Mun san yadda ake yi wa tsohuwa marar gata ƙazafin maita, mun san yadda ihun ɓarawo ke tara samari da sanduna kafin a tambayi ko wane ne. Duk wanda ya fara kiran ɗan Adam dodo ya sauwaƙe wa hannunsa zub da jininsa. Wajibi ne yaro shi ji daga bakin ubansa cewa hukunci na alƙali ne, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Nan za ku ga hikimar magabata. Tatsuniyarmu tana da ƙofa tana da makulli. Ba a yin ta da rana lokacin aiki. Babba ke bayarwa, cikin taro, yana ganin fuskar yara, in tsoro ya yi yawa shi sassauta. Ana buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, ana rufe ta da ƙurunƙus, mai bayarwa da bakinsa shike shaida cewa ƙarya ya shirya, kowa shi tashi shi kwanta ya san Dodo ya koma cikin tatsuniya. Waya ba ta da ƙurunƙus. Ba ta duban fuskar yaro, ba ta gajiya, sai caji ya ƙare.

Fasali na biyar, bisa alherin da ke cikinsa

Adalci shi ne a faɗi wanga ma. Yaron labarin mai sana'a ne, mai ciyar da uwarsa da ƙannensa da guminsa. Ya riƙe zumunci a lokacin da kowa ke ce masa ƙanwarsa ta ɓaci, a kashe ta. Bai ɗauki takobi ya fita ran da zuciya ta ɗebe shi ba, sai da ya durƙusa gaban malami shekara biyu. In ya ka da dodo ba shi yi masa dariya, ba shi taka gawarsa, shina tuna cewa wanga dā ɗan wasu ne, wata masifa ta kai shi ga haka. Waɗanga halaye ba baƙi ba ne gare mu, su ne muke wa ɗiyanmu addu'ar samu.

Kuma ku tambayi kanku dalilin da ya sa labarin ke kama zukatan yaranmu. Yaron ƙasar Kabi da Zamfara da Sakkwato na wanga zamani ya san tsoron dare na gaskiya. Ya ji labarin 'yan bindiga, ya ji yadda anka kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri cikin Yuni 2021, ya ga mutanen da sunka baro ƙauyukansu da tabarma bisa kai. In ya ga yaro kamarsa ya komo gida ya iske an hallaka danginsa, kuma yaron bai karaya ba, ba shi bukatar tafinta. Tun dā amfanin tatsuniyar Dodo ke nan, a ba tsoro suna da siffa, kana a nuna ana iya cin nasara a kansa. Wanda ya fizge wayar bai ba yaro komi madadinta ba, ya bar shi da tsoron, ya ɗauke masa labarin da ke rage masa nauyinsa.

Fasali na shida, bisa amsar masu musu

In wani ya ce, tatsuniya ƙarya ce da ɓata lokaci, ta Japan da ta Hausa duk ɗaya, sai in ce masa: malaman da sunka rubuta wa Burdon tatsuniyoyi masu ilmi ne, da tawadar da suke rubuta karatu sunka rubuta su. Abin da mai faɗinsa ya shaida tun farko cewa shiri ne, kuma mai ji ya san haka, misali ne ake bugawa, babu wanda anka yaudara. Da tatsuniya uwayenmu sunka koya mana sakamakon kwaɗayi da girman kai da cin amana tun ba mu iya karatu ba.

In wani ya ce, ina mu ina Japan, su masu na'urori da biliyoyi, sai in ce masa: Yanagita da alƙalami da takarda ya fara, Mizuki da hannu guda. Manga baƙar tawada ce bisa farar takarda. Ƙasar da ke da masu zayyanar allo, da masu zanen hula da aska takwas bisa riga, da masu sassaƙar ƙwarya, ba ta rasa hannu ba. Wayar nan da ke kawo mana dodannin wasu tana ɗaukar murya, kuma ba ta neman ko kwabo a kan haka. Na san malamai suna da maganarsu bisa zanen abu mai rai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zane ba, murya da rubutu sun ishe shi, su ne ma tushen aikin.

In wani ya ce, yaran yanzu ba su son tatsuniya, sai in ce masa: yaron da ke zama awa goma domin shi ga ko Tanjiro za shi ceci ƙanwarsa, mai son tatsuniya ne ƙwarai. Mai bayarwa ya rasa.

Fasali na bakwai, bisa abin da nike roƙo

Na fari, ga ubanni. Kafin ka hana ko ka bari, zauna da ɗanka ka kalli kashi guda, minti 24 ne. Ka ce shi ba ka labarin da Hausa, wane ne wanga, me ya sa ya yi haka, daidai ya yi ko kuskure. Daga amsarsa za ka san abin da ya shiga kansa. Wanda bai kai shekara 12 ba kada a bar masa irin mai jini, ko da ya yi kuka. Babba kuwa a yanka masa lokaci, waya ta kwana hannun uwa ko uba.

Na biyu, ga uwaye da kakanni. Ku ne Tono tamu. Dare guda cikin mako, bayan an ci tuwo, a tara yaran gida da na maƙwabta a yi tatsuniya da waƙoƙinta kamar yadda kunka ji ta. Kada ku ji kunya in sun yi dariya daren fari, icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, ga samari masu waya. Kowanenku shi je wurin tsohuwar gidansu da ladabi, shi nemi izninta, shi ɗauki muryarta tana ba da tatsuniya, shi rubuta sunan garin da ranar. Shi ɗauka da harshenmu na nan yadda ta faɗa, kada shi gyara mata zuwa Hausar littafi, domin tatsuniyar Gwandu da Kabi tana da ɗanɗanonta. In saurayi ashirin a Kambaza kowane ya kawo shida, sun wuce abin da anka tara a Tono.

Na huɗu, ga masu shagon caji da tura majigi. Abinci kuke nema, ba mu hana ku ba. Amma ku duba shekarun wanda ya miƙo muku waya, kamar yadda mai sayar da magani na ƙwarai ke duba wanda anka aiko. Kuma in muryoyin tatsuniya sun samu, ku riƙa tura su tare.

Na biyar, ga malaman makaranta, na allo da na boko, da masu ilmin Hausa a Kwalejin Adamu Augie ta Argungu, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da ke bisa hanyar Kalgo zuwa Bunza, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ku karɓi abin da samari sunka tara ku adana shi. Ku fito da abin da ke cikin littattafan Edgar da rubutun zamani, ƙanana masu araha, su komo ƙasar da anka rubuta su. In kun ga yaro shina zana Tanjiro bayan littafinsa, kada ku tsaya ga duka, ku ce shi rubuto muku labarin Dodo da budurwa, ko shi zano rijiyar Kusugu.

Ya ku jama'a, baƙon nan ya riga ya sauka, kuma wasu na tafe bayansa daga ƙasashen da ba mu san sunansu ba. Yaron da ya ƙoshi da tuwon gidansu in ya ɗanɗana na maƙwabta ba shi ɓata, mai yunwa shi ne ke bin kowane ƙamshi. Tsofaffin da sunka san tatsuniyoyin nan suna raguwa kowace damina, kuma abin da ya bi su ƙasa babu kuɗin da ke fanso shi. Wanda ke da tsohuwa a gida shi fara daren yau.

Wanga shi ne abin da ya sauwaƙa. Wanda ya karanta shi karanta wa wanda bai iya ba. Allah shi shirya mana zuriya, shi ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin. Wassalamu.